Ƙafa ta Huɗu

A bayan Modena, gari bai gama wayewa ba,
Ermete ya kunna fitilar maƙera.
Ga motar nan, ja, kan ƙafa uku.
Ta huɗun ta karye a tsere
tun Nives tana cikin zanin goyo.

Zanen asali ya ƙone tare da kamfanin.
Saura hoto ɗaya, dishi-dishi:
mahaifinta da hular fata, yana dariya.

Tsinken ƙarfe saba'in da biyu.
Ya ɗaure, ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne,
wanda amonsa ya yi ƙarya ya sassauta shi.

"Ƙyallinta zai tona mata asiri," in ji Nives.
"Ki hau da ita dutsen Abetone," ya ce.
"Laka ba ta tambayar shekaru."