Ƙarfe Huɗu a Saman Gidan Burodi

Ni Lamara, tela, a hawa na biyu nake kwana,
a wani lungu na tsohon birnin Tibilisi,
kuma a ƙarƙashin gadona, daidai saitin matashin kai,
Guram ke hura tanderunsa tun ƙarfe huɗu.

Ƙamshi ba ya sallama.
Ta tsagar katako yake hawowa, ya zauna a bakin gado
kamar tsohon saurayin da ya san korar ba ta kai zuci ba.

Likita Eteri ta rubuta mini takarda da jan biro:
sukari ya hau, gwiwa ta gaji,
kilo goma sha biyu sai sun sauka.
Na manna ta a ƙofar firji da maganaɗisu mai siffar kifi.
Kifin na kallona, ina kallonsa.

Makon farko wayon yara na yi wa kaina:
kofin ruwan ɗumi, in ƙirga zuwa ɗari,
in goge haƙora sau uku ko bakina zai ji kunya.
Yawu dai bai iya karatu ba, tsinkewarsa yake yi.
Ranar Laraba na sauka da silifas, cikin rigar barci,
na sayi burodin cukun nan mai kama da kwalekwale,
gwaiduwar ƙwai na rawa a tsakiya, man shanu na malala,
na cinye a tsaye kan matakala,
ina hawaye, ina lashe yatsa.
Kwaɗayi mabuɗin wahala, haka aka ce.
Ba a gaya mini a aljihuna mabuɗin ke kwana ba.

Sai da aka kwana biyu na gane
ba cikina ne ke kira ba.
Ƙarfe huɗu ne Shalba ke dawowa daga gadin tashar jirgi,
burodi a hammata, ƙanƙara a kafaɗa,
ya gutsuro mini gefen da ya fi ƙonewa
ya ce, ungo, naki.
Shekara shida ke nan da aka kai shi makwanci,
ni kuwa ina ta cusa loma a gurbinsa,
gurbin bai ko san ana yi ba.

Yanzu in ƙamshin ya hawo, ba na ja da shi.
Nakan ce, ka zo? Zauna.
In kunna fitila, in hau keke,
in kama kalmasar wandon wani ɗan makaranta.
Kafin zare ya ƙare a ƙoshiya,
baƙon ya gaji da zama, ya sulale.
Minti goma sha biyar ne ƙarfinsa, na duba agogo.
Wani daren ya kai arba'in, ba zan ɓoye ba.

Na daina shiga kasuwa da yunwa.
Tuffa ɗaya a jaka, kokwamba a yanke tun dare,
kwalbar zuma kuma na kai ta saman kabad,
inda sai na taka kujera, gwiwata kuwa ba ta son kujera.

Ranar Lahadi, bayan coci, Guram na yanka mini kwata.
Ba ya tambaya, ya riga ya sani.
In sa a faranti, in zauna, in ci da ido kafin baki,
sauran jikata Tekla ke tafiya da shi a takarda,
tana ci tana mini gwalo.

Shekara talatin ina auna ƙugun mutane,
ina cewa, saki numfashi, yaya, tef ba ya ƙarya.
Jiya na rage siket ɗina da yatsa biyu.
Biyu kawai. Na yi ɗinkin a hankali
kamar na amarya.

Da dare kuma na taka kujerar.
Cokali uku.
Kifin ya gani, bai ce komai ba.
Na wanke cokalin, na mayar da kujera wurinta,
na kwanta ina jin Guram a ƙasa
yana faskara itacen gobe.