Kifin Ranar Laraba

A tsibirin Chiloé ruwan sama ba ya gajiya.
Malama Ximena ta shigo aji
da kifi bakwai a bokiti, da reza.

"Ku tsaga cikin, ku nemo mini zuciya."

Kowa ya toshe hanci, ban da Rayén,
'yar masunci,
wadda tun tana shekara shida
take gyaran kifi a jirgin babanta.
Yanka ɗaya, ta buɗe shi.

Sai ta tsaya.

Ga jakar iskar da ke hana shi nutsewa.
Ga zuciya, ɗaki biyu kacal,
ba ta kai ƙwayar wake ba.
Dubu nawa ta watsa wa tsuntsayen teku
ba ta taɓa dubawa ba?

Da yamma babanta ya ce,
"Yau hannunki ya yi sanyi."