Guda Dala Biyu, Uku Dala Biyar

Asabar da hantsi, ƙofar kantin Halvorsen,
Marlys ta sauke ni kamar buhun dankali:
tebur mai naɗewa, kujera mai ƙugi,
gwangwanin biskit na zuba kuɗi,
bargon kuma a bayana, an shanya shi kan sanda.
"Guda dala biyu, uku dala biyar.
Ban da ragi, Lowell, ban da zaman kurame."

Shekara arba'in ina sayar da taki da irin alkama
a wannan lungu na Dakota ta Arewa,
ban taɓa tallar abin da ba na so a saya ba
sai yau.

Matan Laraba su goma sha ɗaya ne yanzu.
Injin ɗumama ɗakinsu na ƙasan coci ya mutu,
bara da safar hannu suka yi ɗinki,
sun yanke mata kan yatsu don allura ta kamu.
Kuɗin na injin ne. Haka nake faɗa wa kowa,
ina yage tikiti, rabi gare ka, rabi cikin kwalba.

Mai gidan mai ya sayi uku, bai ko ɗaga ido ba.
Wata yarinya ta tambaya ko ana cin keke.
Wani direban tirela, kofi a hannu, barci a fuska,
ya lalubo silalla ya sayi ɗaya tak,
ya ce sanyin cikin mota ba ya jin magana.

Sai Delphine Aaker, da tabarau a kan hanci,
ta kama gefen bargon ta juya bayansa
kamar mai duba haƙoran doki.
"Wannan layin ba hannu ɗaya ba ne," in ji ta.

Ba ƙarya.
Ardith ce ta faro shi a watan Maris,
ɗinki ƙanana, a jere kamar gwano.
Daga tsakiya ya fara tangaɗi,
taku ya faɗaɗa, zare ya saki hanya,
sannan ga inda ta soke allurar ta ce gobe.
Marlys ce ta ƙarasa. Ba ta warware ko ɗaya ba.

Shuɗin ƙyallen can mai zane, na uku daga sama,
rigata ce ta zuwa kamun kifi.
Shekara biyu ina nemanta a gida,
ita tana cewa, "Wa ya san inda kake zubar da kayanka?"

In ƙofa ta yi shiru, sai in zaro walat.
Ba na rubuta sunana, da kunya.
Na karenmu nake sawa.
Da yamma Marlys ta zazzage kwalba tana ƙirga:
"Otis ya sayi sittin da uku. Kare da arziki."
Ba ta kalle ni ba, ni ma na kalli takalmina.

Lahadi, bayan walimar girbi,
an kwashe kwanuka, tagogi sun yi gumi,
jikar limamin coci ta rufe ido
ta nutsa hannu har gwiwa.
Ɗari huɗu da tara. Rubutu kamar tafiyar kaza,
da lambar wayar wata jiha mai nisa.

Injin ya samu, har da canji na zare.
Aka ce ni zan kira, tunda ni na sayar.

Ya ɗauka a kan hanya, ina jin kukan taya.
Bai tuna ba, sai da na ce kofi, na ce silalla.
Ya yi dariya, wai bai taɓa cin ko cokali ba.
Na ce, to, saurara da kyau.
Ruwan sanyi, sabulu kaɗan, kada ka murɗe.
Akwai wani layi da ya karkace a tsakiya.
Ka bar shi yadda yake.