Mai Niƙa a Gefen Allo

A Brno, hawa na huɗu, saman gidan burodi,
muke gina shekara ta dubu da ɗari huɗu.
Ctibor ya kwana uku yana tsufar da ganuwa,
wai duwatsunta sun cika sabunta.

Ni aikina sauti.
Kabeji goma sha ɗaya na sara gaban makirufo
kafin in sami kukan takobi a wuyan mutum.
Da yamma muka yi miya da gawarwakin.

Mun je wurin tsoho Bohumil maƙeri aron sulke.
Ya ɗora mini, gwiwata ta ce ba da ita ba.
Ya yi dariya har da tari:
"Naku barden gudu yake da wannan?
Har da tsalle?"
Na ce har da iyo a kogi.

Ranar Litinin aka zauna tankaɗe zamanin.
Ƙwarƙwata ta fita. Ciwon haƙori ya fita.
Annoba, an bar ta a gari ɗaya, can bayan tsauni,
ga mai sha'awa.
Taɓo aka rage, yana ɓata wa doki lokaci.
Abin da ya rage a rariya:
hasumiya, tuta, ƙararrawar coci,
da mutuwar da ake tashi daga ita da danna maɓalli.

Kowa barde yake so ya zama.
Ban taɓa jin wanda ya biya kuɗi
don ya noma sha'ir wa mai gona ba,
alhali kakannina,
iyakar inda littafin coci ya tuna,
su ne masu sunkuyawa in doki ya wuce.

Vendula ta zana wata mata a bakin ƙauye,
tana niƙa.
Ba ta da suna, lamba gare ta.
Magana ɗaya aka ba ta: "Allah ya kiyaye hanya."
Muryar tawa ce, ranar ina mura.

Jiya da dare, bayan kowa ya tafi,
Vendula ta kira ni, ta nuna mini abin da ta ɓoye:
in barde ya juya baya, ya yi nisa taku sittin,
matar takan saki dutsen,
ta miƙe ƙugu, ta dubi tafin hannunta,
ta zauna.

Babu ɗan wasan da zai taɓa gani.
Muka tsaya muna kallonta, gahawa na hucewa,
har injin burodi ya tashi a ƙasa.