Kafin In Sa Diga

An ba ni kwangilar rushe ajinmu,
ni Tanimu magini, ɗan Barau magini.
Kansila ya ce kafin ruwa ya sauka
yana son ganin bulo inda jar ƙasa take.
Na ce to. Magini ba ya ƙin aiki.
Amma na sammako ni kaɗai,
na jingine diga a gindin ɗorawa.

Ɗorawar nan ita ce aji na fari.
Baba ya ce yara tara ne, Malam Yero na goma.
Daga Zariya yake tahowa, allo ɗaure a bayan keke,
ya ratso Galma da wando a naɗe.
Dattawa suka ce bari su ga kamun ludayinsa.
Sai da ya rubuta wa Sarkin Noma wasiƙa
zuwa ga ɗansa soja,
amsa ta dawo da fam biyu a ciki,
sannan aka kira gayya.

Mata na ɗebo ruwa, samari na cuɗa ƙasa,
Baba na jera tubali.
Ga sawun hannunsa can a kusurwar gabas,
yatsan da lauje ya gutsure ba ya ɓuya.

A bakin ƙofar nan aka tsai da ni,
aka ce in ɗora hannu bisa kai, in kamo kunne.
Ban kamo ba.
Shekara guda ina leƙe ta taga,
na haddace baƙaƙe kafin rajista ta san sunana.

Wilin tsohuwar akori-kura ne ƙararrawarmu,
in an buga, har masu rake a fadama suna ji.
Ran Juma'a mu fasa mataccen batir,
mu dama baƙinsa, mu shafe allo,
mu koma gida kamar 'ya'yan maƙera.
In lokacin saran rake ya zo, aji ya rame,
Malam ba ya ɗaga bulala.
Cewa yake, wanda ya tafi ya dawo min da lissafi:
dami nawa, sanda nawa a dami,
nawa ɗan kamasho ya ci.

Shekarar da aka ce kowa ya shiga boko
mun haura ɗari a ɗaki ɗaya.
Aka sauke jinka, aka ɗora kwano,
aka lulluɓe jar ƙasa da siminti
kamar ana jin kunyarta.
Lantana 'yar mai taba ke zama a gaba.
Yanzu rabin garin nan a hannunta aka haife su.

Sai guguwa ta yaye kwanon,
aka tsince shi a gonar Dogara.
Damina uku muna jiran mutanen ofis.
Ɗakin ya yi ajiyar taki,
ya yi rumfar zaɓe sau ban san adadi ba,
awaki sun kwana a ciki, sun haihu.
Jiya na ɓamɓare hotunan 'yan takara,
wani bisa wani, har bakwai,
a ƙarƙashinsu na tarar da bakwai sau takwas
da rubutun Malam Yero, bai gama gogewa ba.

Malam ya rasu a Tudun Wada, ban sami jana'iza ba.
Ina Kaduna, ina yi wa wani bene.

Rana ta ɗago. Ga wani yaro da buhun zama a kafaɗa,
ya ce, Baba, yau ba karatu?
Na ce a gindin ɗorawa za ku yi,
can ma aka fara.
Na ce ɗora hannu bisa kai, kamo kunne.
Ya kamo, yana dariya, bai san dalili ba.

Na tofa yawu a tafi, na ɗauki diga.
Daga yamma na fara.
Kusurwar gabas, sai gobe.