Gyara Kaɗan

Kafin rumbun nan ya zo ofishinmu na Filato,
ga yadda muke raɗa wa aiki suna:
rahoto-na-ƙarshe,
rahoto-na-ƙarshe-biyu,
na-ƙarshen-ƙarshe-na-Habsu,
sai wani, kar-a-taɓa-wannan,
wanda kowa ya taɓa.

Ni ba lissafi nake yi ba, gidansa nake ginawa:
inda sunan asibiti zai zauna,
faɗin layin maganin zazzaɓi,
tambari a sama,
ɗan akwatin jimilla can ƙasa ta dama.
Ƙarshen wata alƙaluma su shigo,
kowa ya tarar da ɗakinsa a share.

Barmu ne ya kawo rumbun.
Ya ce duk wanda ya taɓa ƙirar rahoto
ya zuba ta nan, ya rubuta dalili,
na'ura za ta riƙe suna da sa'a.
Kowa ya yanki reshensa,
ran Alhamis mu haɗa.

Sai dai ƙirar rahoto ba wasiƙa ba ce.
A fuska takarda ce fes.
Leƙa cikinta: layi dubu uku,
na'ura ta rubuta wa na'ura,
ba don idon ɗan Adam ba.
Na matsar da akwati ɗaya faɗin farce,
rumbu ya ce na canza layi ɗari huɗu da sha ɗaya.
Habsu buɗewa kawai ta yi ta rufe, ko tari ba ta yi ba,
ya rubuta mata saba'in.

Ran Alhamis reshena da nata suka yi karo
kamar taksi biyu a bakin gada da magariba,
babu mai ja da baya.
Barmu ya zauna tsakani,
wannan naki, wannan nata,
kamar mai tsince tsakuwa a cikin wake.
Wuta ta ɗauke sau biyu.
Shayin Saini mai gadi ya kai na uku muna nan.

Litinin aka buga.
Shafi na sha tara, akwatin jimilla wayam.
Aka kira daga Tawa, aka kira daga Doso:
ina adadin maganin da ya rage?

Na ce Habsu ce.
Ban faɗa da baki ba,
amma gaisuwarta rabi na amsa,
dambun zogalen da na zo da shi kuwa
ni kaɗai na cinye.

Na buɗe tarihi ina bin sawu, baya-baya.
Talata, Barmu: na rage tambari, darekta ya ce ya cika girma.
Laraba da hantsi, Habsu: na ƙara fili,
sunan Cintabaradan ba ya shiga.
Laraba, tara da arba'in na dare,
sunana.
Dalili: gyara kaɗan.

Na tuna daren.
Ɗana na kwance da zazzaɓi a Yantala,
waya na ta ƙara a cikin jaka,
na ga wani layi na ɗauka shara ne,
na goge, na ajiye, na fita ina tsayar da mota.

Laifi tudu ne, an daɗe ana faɗi.
Wannan kam an kafa masa allo,
da sunana, da minti.

Barmu ya nuna mini yadda ake zare ajiya ɗaya
sauran ɗinkin bai warware ba.
Jimilla ta koma ɗakinta.
Rumbu dai bai share kuskuren ba,
ya rubuta gyaran a samansa,
ga su nan tare har yau, duk mai so ya karanta.

Yanzu kafin in buɗe ƙira sai na ɗaga murya:
ina kan rahoton magani, kowa ya dakata!
Dalilina ya kan kai layi uku,
Barmu na cewa na fara rubuta littafi.

Da safen nan na ajiye wa Habsu dambu a kan tebur,
har da ƙuli da yaji.
Ta ɗaga kai daga na'ura, ta ce, na mene ne?
Na ce, gyara kaɗan.