Talata a Ankara

Yau Talata, ba mai shiga teku.
Jiragen masunta sun kife kan yashi
kamar ƙorai bayan an watse daga tuwo.
Na tambayi mai masaukina, Ataa Kwatei,
ya ce ruwa ma yana da mai shi,
kuma yau ba ya son a taka masa tabarma.
Na ce astagfirullah a zuci,
amma ban tsoma ƙafa ba.

Wata uku ke nan da na sauko daga Gwanja
da kanwa, da jar fata, da alƙalami.
A Kumasi wani barden Tonawa
ya auna mini zinariya don laya guda,
ya ɗinke ayar Allah a rigar yaƙi
kusa da haƙorin damisa.
Na ce ba a haɗa su.
Ya ce, Malam, mai ratsa kurmi
ba ya raina sanda.

A nan bokan gari farin zane yake ɗaurawa,
ƙafa ba takalmi,
yana tsiyaya giya a ƙasa
yana kiran waɗanda suka riga shi kwanciya.
Sama da shi, kan dutse, gidan Nasara,
fari fat, igwa na hamma ta bango.
Ran Lahadi su kaɗa ƙararrawa
su rera wa Annabi Isa da murya mai taushi.
Tafintansu Otu, mai gicciye a wuya,
ya raɗa mini su ma ba kansu ɗaya ba:
can ƙasarsu an ƙone garuruwa
kan gutsuren gurasa da kurɓin inabi.

Jiya da almuru na shimfiɗa buzu
a gindin bangon, inda iska ke da sauƙi.
Ina zaman tahiya sai na ji daga ƙasa,
ta wata kafa da ba ta kai tafin hannu ba,
wani yana jan Yasin.
Ba karatun Wangarawa ba ne.
Irin namu ne, irin na 'Yandoto,
da ɗan noƙewar nan a ƙarshen aya.
Ya zo wani wuri ya tsaya.
Ya koma baya, ya sake tsayawa.
Bakina ya riga ni, na ɗora masa.
Ya karɓa, ya wuce.

Ban tambayi sunansa ba.
Tsoro nake kada ya zama
ɗaya cikin mutum bakwai ɗin nan
da ayarinmu ya bari a kasuwar Salaga
muka ɗaure wuri a bakin jaki.

Gobe Laraba, teku zai buɗe.
Babban jirgin can ya soma warware tufafinsa.
Sau uku na yi alwala da ruwan rijiya,
har yanzu in na ɗaga hannu
gishiri nake ji.